Shingen da Na Kafa a Bakin Ruwan Glass

Na yi tsiya iri-iri a rayuwata, wasu in aka tuna mini yau sai in rantse ba ni ba ne. Amma maganar shingen da na kafa a bakin ruwan unguwar Glass, wannan ko an wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulu ba za ta fita ba. Shingen ba na gaske ba ne, a cikin kwamfuta yake. Duk da haka saura ƙiris ya raba ni da abokin da ban taɓa yin kamarsa ba.

Shekarata sha biyar a lokacin, ina zaune wurin kawuna a Nkembo, cikin Libreville, babban birnin Gabon. Kawu na da butik na kayan masarufi, shinkafa, madara, sardin, da wata firiza mai gurnani kamar tsohon rago. Ni kuwa in na dawo daga makaranta ba ni da wani buri a duniya sai tseren mota ta intanet. Ba irin wasan yaran nan ba da mota ke tsallake bene ta sauka lafiya. Namu, in ka shiga kwana da gudu taya za ta zame, ka yi ta juyi kamar mazari. Mu goma sha wani abu ne: samarin Kano da Kaduna, mutum biyu daga Maraɗi, 'yan Gabon uku, sai ni da abokina. Kowace Lahadi bayan la'asar muke karawa.

Abokin nan nawa ɗan Garwa ne ta ƙasar Kamaru, ya girme ni da shekara biyu. Babansa na da teburin takalma a kasuwar Mont-Bouët. Mutum ne marar hayaniya. In na yi magana ɗari shi uku zai yi, kuma ukun nan sai sun fi ɗarina zafi. Ina ce masa Ɗan Garwa, yana ce mini Bakano, ba mu taɓa damuwa da sunayen yanka ba.

Irin wannan tsere sai da sabar, wato kwamfuta guda da ke kunne kullum, kowa ya shiga cikinta daga garinsu a haɗu. Da can haya muke yi a Turai, ana karo-karo. Sai naira ta faɗi warwas a shekarar, samarin Najeriya suka ce kuɗin data ma da ƙyar suke haɗawa, balle haya da kuɗin Turawa. Wasa ya kusa mutuwa. Ɗan Garwa ne ya cece shi. Ya samo wata tsohuwar kwamfuta da wani mai shagon intanet ya jingine, ya buɗe cikinta, ya goge tsatsar da danshin garin nan ya yi mata da burushin haƙori, ya canja mata fanka, sai ga ta ta tashi. Muka roƙi Kawu ya bar mu mu ajiye ta ƙarƙashin kantar butik, gefen firiza. Ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada ta hana mu salla, kuma kada ya ji ƙaurin wuta.

Kwamfutar nan tana da wani hali. Ɗan ƙaramin batirin cikinta ya mutu, saboda haka duk sa'ad da aka kashe ta aka kunna, sai ta tsaya tana jiran a danna mata wani maɓalli kafin ta ci gaba. Ga shi ba mu da allon kallo da za mu haɗa mata, sai kibod kawai. Ɗan Garwa kaɗai ya san yadda ake lallaɓa ta, da kunne yake gane lokacin dannawa. Ni kuwa tsoron kashe ta nake yi kamar tsoron allura.

Nawa aikin shi ne zana hanyar tsere da rubuta umarnin sabar, wato ɗan rubutun da ke gaya mata zagaye nawa za a yi, wa ya yi laifi, wane horo za a yi masa. Kuma ba yabon kai ba, na zana hanya. Na matse Libreville kaf cikin zagaye ɗaya: a tashi daga Nkembo, a ratsa gefen kasuwa, a gangara Glass, a miƙe bakin ruwa har Okala, a juyo. Ramukan titi na sa su daidai inda suke, har wani ɗan Gabon ya ce ya gane ramin da ya fasa wa yayansa taya. Ɗan Garwa ya roƙe ni abu ɗaya tak, in sa teburin takalman babansa da shuɗiyar lemarsa a kwanar kasuwa. Na sa.

Matsalar ita ce, ni na zana hanya, amma shi ke cinye tsere. Kullum. Ni ina da sitiyari na hannu da na yi wata uku ina yi wa Kawu magiya a kansa, shi da maɓallan kibod yake tuƙi, amma ko ƙurarsa ba na gani. Na zama sarkin na biyar. Samarin Kano har waƙa suka yi mini.

Ana haka sai gari ya ɗau zafi. Aka tsananta duba takardun baƙi. Shinge a wannan mararraba, shinge a waccan, a tsayar da taksi a ce kowa ya fito da kart de sejur, katin izinin zama. Kawu ya naɗe nasa cikin leda biyu ya cusa a aljihun ciki, yana shafa wurin kamar mai ciwon ƙirji. Ni katin makaranta ya ishe ni, don haka abin bai dame ni ba, labarin ban dariya ma na mai da shi. A daidai lokacin Ɗan Garwa ya daina zuwa butik. Na rubuta masa, “Ko lalle aka sa ka ne?” Ya ce yana Okala wurin gwaggonsa, akwai ɗan aiki. Ban ƙara tambaya ba. Yanzu in na duba baya, wannan rashin tambayar ne asalin laifina.

Na dai lura da abu ɗaya. A tseren makonnin nan, duk sa'ad da ya zo kwanar kasuwa sai ya rage gudu sosai, kamar zai tsaya, sa'an nan ya taka ya wuce mu duka. Na ɗauka raini ne. Na ce a raina, wato har ya kai ya tsaya ya sha iska ya kuma cinye mu? To, zai gani.

Ranar Juma'a na zauna na kafa shinge a kan hanyar, daidai inda aka fito Glass aka kama bakin ruwa: durom biyu, katako a gicciye, da wani mutum-mutumi mai hula da na yi masa tumbi kamar randa. Na aika wa kowa sabon fayil ɗin hanyar na ce ado na ƙara. Sa'an nan na shiga umarnin sabar. Kowane ɗan wasa yana da lambar da sabar ta san shi da ita. Na rubuta cewa in motar da ke da lambar Ɗan Garwa ta iso shingen, a riƙe ta daƙiƙa takwas, a aika wa kowa saƙo da manyan baƙaƙe: “PAPIERS, S'IL VOUS PLAÎT.” Wato a fito da takardu. Washegari aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na yi ta danna maɓallai da addu'a har kwamfutar ta tashi, ta karanta sabon umarnin. Na yi dariya ni kaɗai har Kawu ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Lahadi ta zo. Aka tashi, Ɗan Garwa ya yi gaba kamar kullum. Yana isa bakin ruwa motarsa ta ƙame, saƙo ya fito. Wurin hira ya rikice. Wani ɗan Kaduna ya rubuta, “Kamaru, ina katinka?” Wani ya ce a ba wa mai tumbi na goro. Muka wuce shi fuu, ɗaya bayan ɗaya. Ya biyo mu, kafin zagaye ya ƙare ya kamo rabinmu. Zagaye na biyu aka sake tsayar da shi. A na uku motarsa ta tsaya, daƙiƙa takwas suka cika, shingen ya sake shi, amma bai motsa ba. Can sai sabar ta rubuta cewa ya fita.

Na zo na biyu a ranar. Ko da na ɗaure gwanin ban iya zuwa na ɗaya ba, wani ɗan Maraɗi ya sha gabana a kwanar ƙarshe.

Na rubuta masa, “Bakano ya rama.” Shiru. Litinin na kira, bai ɗauka ba. Talata na aika masa hoton mai tumbi, ya gani, bai ce komai ba. Ranar Laraba ina taya Kawu jera gwangwanayen madara sai bakina ya kasa haƙuri, na ba shi labarin duka ina ƙyaƙyata dariya. Ban ga ya yi dariya ba. Ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa.

“Wa ka ce ka tare?”

“Ɗan Garwa mana, Kawu. Wasa ne.”

“Kai, yaron nan, kanka ɗaya kuwa? Ba ka san an tafi da babansa ba? Katinsa ya ƙare, aka same shi a kasuwa. Yau kusan sati uku ke nan muna ta zirga-zirga da manyan 'yan kasuwa. Shi yaron shekarunsa sun kai a nemi nasa katin, ba shi da shi, shi ya sa aka ɓoye shi a Okala.”

“Ba wanda ya gaya mini.”

“Ka tambaya?”

Na ji kamar in shige cikin firiza in rufe kaina.

A ranar na goge durom, na goge katako, na goge mai tumbi, na aika wa kowa tsohuwar hanya. Na buɗe umarnin sabar na share layukan nan, na adana. Na rubuta wa Ɗan Garwa takardar ban haƙuri mai tsawon huɗubar Idi. Bai amsa ba. Ranar Asabar da hantsi na ce wa Kawu zan tafi Okala. Ya ɗauko sukari da madara da ganyen shayi ya ƙulla a leda ya ce in kai wa gwaggon, kuma in riƙe katina a hannu, kada in tsaya lalube.

Na tsaya bakin titi ina faɗa wa 'yan taksi unguwa da abin da zan biya, sai na huɗu ya danna hon alamar ya yarda. Muna kan hanyar filin jirgi muka tarar da shinge, na gaske. Jami'in ya leƙo ta taga, ba shi da tumbi, bai ɗaga murya ba. Ya karɓi katina yana duban hoton yana duban fuskata. Ni da ke da takarda, sai da na manta ranar haihuwata. Ya miƙo mini. Mutumin da ke gefena, wani dattijo, aka ce ya sauko. Ya sauka, direba ya ja mota, ledar burodinsa ta rage a kan kujera tana gogar cinyata har Okala. Duk abin bai fi minti ɗaya ba. Ni kuwa da na rubuta daƙiƙa takwas, gani nake ba komai ba ne.

Gwaggonsa ta karɓe ni da fara'a, ta sa mini albarka saboda ledar Kawu, ta nuna mini ɗakin baya. Na same shi zaune a kan tabarma, wata tsohuwar laftof ta mijin gwaggon a kan kujera gabansa, labulen taga a sauke. Ya rame. Na yi sallama ya amsa, don sallama ba a ƙin amsa ta. Na fara jawabin da na haddace a taksi, na yi ta zuba. Ya bar ni sai da na gaji.

“Bakano,” ya ce, “sati uku ban taka titi ba. Ko shagon da ke ƙofar gida Gwaggo ba ta barina in je. Wannan hanyar taka ce kaɗai nake fita in ga gari. In na zo kwanar kasuwa nakan rage gudu in kalli teburin Baba. Nan ne kaɗai ba a tambayata takarda. Sai ka kawo su har can.”

Ka ga maganganunsa ukun nan da na ce sun fi ɗarina zafi. Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba.

“Na cire,” na ce. “Wallahi na cire. Shiga ka gani da idonka.”

Ya jawo laftof. Ya shiga sabar, ba kowa sai shi. Ya tashi daga Nkembo a hankali, ya wuce kasuwa, ya gangara Glass. Ga bakin ruwa fes, ba durom, ba katako. Na fara murmushi, har na buɗe baki zan ce “ka gani ko”. Sai motar ta ƙame a tsakiyar titi, inda babu komai, manyan baƙaƙe suka fito: PAPIERS.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Nan take na gane abin da na yi. Sabar ba ta karanta umarni sai lokacin da take tashi. Na share rubutun, amma ban kashe ta na kunna ba, saboda tsoron halinta. Tsohon umarnin na nan daram a cikin kanta. Na cire shingen da ido ke gani, na bar wanda ke tsayar da mutum.

Ɗan Garwa ya fara rufe laftof. Na riƙe murfin. Na ce ya ba ni minti biyar, in bai gyaru ba kada ya ƙara kallon inda nake. Na kira Kawu na sa wayar a sifika.

“Kawu, don Allah taimako za ka yi. Kwamfutar nan za ka kashe ka kunna.”

“Ni? Ina da masu saye a gabana.”

“Minti ɗaya, Kawu. Duƙa ƙarƙashin kanta, akwai waya baƙa a soket, zare ta.”

Muka ji nishi, muka ji gwangwani ya faɗi. “Na zare.”

Na dubi laftof, sabar na nan a raye. “Wacce ka zare?”

“Mai kaurin.”

“Kawu, ta firiza ce!”

“Shi ya sa na ji duniya ta yi shiru. Kai, in kajin nan suka narke, kai zan sayar.”

“Mayar da ita. Ɗayar, ta hagu. A'a, hagunka. In ta tashi za ka danna maɓallin da ke sama, na biyu, ko na farko, cikin masu harafin nan...”

“Wane harafi? Duk haruffa ne a nan!”

Ina cikin kame-kame sai na ji an fizge wayar daga hannuna. Ɗan Garwa ne. Duk fushinsa, ya kasa jure jin ana wulaƙanta kwamfutarsa.

“Kawu, ina wuni. Ya kasuwa?”

“Lafiya lau, ɗana. Ya zaman haƙuri? Gobe za mu koma kan maganar babanka, in Allah ya so.”

“Allah ya saka da alheri, Kawu. Kada ka zare komai, wannan Bakanon zai ƙona maka butik. Ka ga maɓalli babba a gaban kwamfutar? Danna ka riƙe sai ka ji fanka ta yi shiru. Yauwa. Sake dannawa sau ɗaya. Za ta yi ƙara sau biyu, ƙit ƙit. In ta yi, ƙirga goma, sa'an nan ka danna maɓallin da na manna wa jan tef a kibod.”

Jan tef. Wata huɗu ina kallon tef ɗin nan, na ɗauka maɓallin ne ya karye.

Muka ji Kawu yana ƙirgawa da ƙarfi, wata mata tana tambayarsa sardin da Faransanci yana ce mata ta dakata, yana aikin injiniya. Bayan minti biyu sabar ta dawo. Ɗan Garwa ya shiga. Bai yi gudu ba. Ya tsaya cak a kwanar kasuwa, gaban shuɗiyar lema, ya daɗe. Ni ma na kama bakina, abin da ban saba ba. Sa'an nan ya gangara Glass, ya kama bakin ruwa, ya wuce wurin nan ba abin da ya tsayar da shi, ya taka mota har Okala.

Ya ɗaga hannu daga kibod ya ce, “Mayar da shi.”

“Me?”

“Shingen. Da mai tumbin. Ka sa lambarka.”

“Har yaushe?”

“Sai ran da Baba ya fito.”

Na mayar. A wannan karon ni na kashe sabar na kunna da hannuna, na ƙirga goma, na danna jan tef. Na gaya wa 'yan wasa gaskiyar abin da na yi, ban faɗi sirrin gidansu ba, na dai ce na yi maguɗi kuma ga horona. Lahadi biyu ana tsayar da ni a kowane zagaye, ina zuwa na ƙarshe, samarin Kano suka ƙara wa waƙata baiti. Duk sa'ad da motata ta ƙame, dattijon nan da ledar burodinsa nake tunawa.

Baban ya fito a mako na biyu, amma zaman bai yiwu ba. Suka sayar da teburin suka koma Garwa. Na raka su tasha, ni da Kawu. Da zai shiga mota ya ce mini, “Bakano, ka riƙa share wa kwamfutar nan ƙura duk wata. Kuma ka koyi shiga kwana, kana ba ni kunya.”

Yau shekara huɗu ke nan. Tsohuwar kwamfutar na nan gefen firiza, na saya mata batirin, amma ban ɓare jan tef ɗin ba. Shingen na goge shi tun ranar da baban ya fito, na kashe na kunna har sau biyu don in tabbata. A kasuwa wani ne yanzu ke sayar da bokitai a wurin teburin, amma a hanyata takalma na nan ƙarƙashin shuɗiyar lema. Kowace Lahadi bayan la'asar Ɗan Garwa na shigowa daga Garwa, ya rage gudu a kwanar, sa'an nan ya cinye mu.

Ban daina tsokana ba, kada in yi ƙarya. Amma tun daga ranar na koyi cewa in mutum ya yi shiru, ko ya rage gudu a inda bai saba ba, in fara tambayarsa lafiya kafin in shirya masa dariya. Kuma in na ɓata wa mutum rai, ba na cewa na gyara don kawai na share abin da ido ke gani. Sai na bi hanyar da kaina na tabbata ba sauran abin da zai tsayar da shi.